Tambayar da Sinod Ta Yi Mini a Kan Jana'izar Baffa

Baffa ya rasu ne a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Yayan mahaifina ne. Iyayena Kiristoci ne, mutanen Wusasa, kuma dukansu sun rasu ina ɗan shekara takwas. Baffa ya zo ya ɗauke ni ya kawo ni gidansa a cikin birni, unguwar Ƙofar Galadima, inda yake ɗinkin manyan riguna a zaure. Musulmi ne mai riƙon addini, amma bai taɓa ce mini in bar abin da ubana ya bar ni a kai ba. Ranar Lahadi shi yake ɗora ni a keke ya kai ni Wusasa, ya zauna a gindin mangwaro yana ɗinkin hula har a tashi daga sujada. Idan abokan sana'arsa suka yi magana, sai ya ce amanar ƙaninsa ce, yadda aka ba shi haka zai riƙe. Shi da matarsa, wadda nake kira Goggo, Allah bai ba su haihuwa ba.

Da na girma na sami aikin buga tafireta a wani ofis a Kongo. Na auri wata nas, 'yar ƙasar Binuwai, ita ce ta ja ni zuwa cocinsu na Metodis a Sabon Gari. Muna zaune a sashen da Baffa ya gyara mana a bayan zaure. A cocin yawanci Yarbawa ne da Idoma da Inyamurai da suka fara dawowa bayan yaƙi. Bahaushe sai an nema. Shi ya sa ba a daɗe ba aka sa ni wa'azi da Hausa a ƙauyuka, daga baya na miƙa kaina ina neman a tura ni makarantar fastoci.

Da yake ni nake buga wa coci takardu, na san yadda abubuwanmu suke hawa. Kowane mai bi yana cikin aji, 'yan mutane kaɗan da shugabansu. Shugabannin aji suna zama da fasto. Coci-cocin Zariya da ƙauyukanta da'ira ɗaya ce, tana da babban fasto, ana taronta duk wata uku. Da'irori su ne suka haɗu suka zama gunduma, ita kuma tana taro sau ɗaya a shekara, shi ake kira Sinod. Wanda duk yake son zama fasto sai Sinod ta gan shi ido da ido, ta yi masa tambayoyi, an ɗaga hannu, kafin a aika da sunansa babban taron ƙasa. A da tsarin yana burge ni, domin fasto ɗaya ba ya iya korar mutum don son ransa. Sai da abin ya zo kaina na gane cewa fasto ɗaya ba ya iya rufa wa mutum asiri ma.

Baffa ya cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Aka yi masa wanka aka suturta shi, aka fito da makara ƙofar gida. Ni ina tsakar gida a durƙushe. Goggo ta dafa kafaɗata ta ce, "Tashi ka fita ka raka ubanka." Na fita na tarar mutane sun yi sahu, liman yana gaba. A irin wannan lokaci na saba ja da baya in jingina da katanga har a idar. Ran nan ban ja ba. Akwai gurbi a ƙarshen sahun farko, ƙafafuna suka kai ni can. Da liman ya yi kabbarar farko na ga hannuwana sun tashi tare da na mutane. Haka na tsaya har aka yi sallama.

Ina juyowa muka haɗa ido da shugaban ajina. Dattijo ne Bayarabe, tsohon kafinta a reluwe, kowa Baba yake ce masa. Ya ji labarin rasuwar ya hawo keke ya zo gaisuwa, ya iso daidai lokacin. Yana tsaye riƙe da kan kekensa, bakinsa a ɗan buɗe. Nan take na ji cikina ya ƙulle.

Baba ya bari sai da aka yi sadakar bakwai, sannan ya same ni a bakin ofis lokacin tashi. Muka tura kekunanmu a ƙafa.

"Ɗana," ya ce, "abin da na gani, na gani. Ban faɗa wa kowa ba, har matata. Amma jibi shugabannin aji za su zauna a kan takardarka, za a tambaye ni ko na san wani abu da zai hana. Ba zan ce ban sani ba."

"Baba, ubana ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na zo wurinka tukuna. Ko ka faɗa da bakinka, ko in faɗa. Na fi so ka faɗa."

Na faɗa da bakina. Babban fastonmu ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau yana murza idanu. Ya ce shi dai ya fahimce ni, amma maganar ta fi ƙarfin wannan zama, za a kai ta taron da'ira. Kafin nan kuma a cire sunana daga jadawalin masu wa'azi. Ni ne na buga sabon jadawalin. Inda sunana ya saba fitowa na sa na wani.

A unguwa ma magana ta tashi. Mai shayin bakin layi ya fara ce mini barka da dawowa gida. Wata tsohuwa ta aiko wa Goggo da goro, wai tukwicin abin farin ciki. Rannan bayan la'asar liman ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buzu a ƙofar gidansa, da mutum uku a gefe. Na tuɓe takalmi na durƙusa, gwiwoyina suna rawa.

"Malam," ya ce, "mun gan ka a sahu. Idan ka dawo ne, ka faɗa mana mu yi murna, mu koya maka abin da ya rage. Idan kuwa ba haka ba ne, to me ya kai ka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban bar inda nake ba. Zuciya ce ta kai ni."

Ya yi shiru yana jan carbi. Ɗaya daga cikin na gefen ya ce ai wannan wasa da salla ne, kuma wanda ake ɗaga masa ƙafa dominsa yanzu ba ya nan. Liman ya ɗaga masa hannu. Ya ce mini, "Marigayi mutumin kirki ne, ba za a ci zarafin gidansa ba ina raye. Amma kada ka sake. Tashi ka je."

Na tashi, amma maganar mutumin ta bi ni. Wanda ake ɗaga mini ƙafa dominsa ba ya nan. Shekara ashirin ina bin lungunan nan ban taɓa waiwaye ba, sai ga ni idan na ji taku a bayana sai na ƙara sauri. Idan matata tana aikin rana sai in je in tare ta a bakin ƙofar gari mu shigo tare. Ta ce mu tashi mu koma Sabon Gari. Na ce Goggo tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida, wa zai sayo mata cefane? Ta ce to idan coci ta kore ni, birni ma ya kore ni, ina za mu sa kanmu? Ban sami abin ce mata ba.

Taron da'ira ya zauna. An yi ta ja har aka gaji. Wasu suka ce wanda ya tsaya a sallar wani addini a bainar jama'a bai dace ya hau mumbari ba. Wasu suka ce ba su san yadda zaman birni yake ba, kada su yanke abin da ba su fahimta ba. A ƙarshe suka tura takardata zuwa Sinod, suka liƙa mata bayanin abin da ya faru.

Sinod tana zagayawa ne gari-gari, kuma a wannan shekarar Zariya ce mai masaukin baƙi. Saboda haka jerin abubuwan da za a tattauna ma ni aka ba in buga. Na buga batun sauya wa fastoci wuraren aiki, da rahoton makarantu, da batun rufin wata coci da iska ta yaye. Da na zo kan sunana yatsuna suka ƙi. Sau uku ina ɓata takarda ina zare ta. Abinci ya daina shiga mini. Wandona ya yi mini yawa har sai da na huda sabon rami a bel. Abin da ya fi tsorata ni ba hana ni zama fasto ba ne. Na san Sinod tana iya cewa a karɓe tikitin ajina, wato 'yar takardar da take nuna mutum cikakken ɗan coci ne, a hana ni cin jibin Ubangiji. Kuma duk abin da aka yanke, za a karanta shi a kowace da'ira.

Ana gobe za a buɗe taro, babban fasto ya zo ofishinmu da azahar ya ce shugaban gunduma ya iso, kuma yana so in kai shi gidanmu.

Na ce, "Cikin birni, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Haka ya ce."

Shugaban dattijo ne dogo, Bayarabe, ya yi shekaru a Arewa har Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai harshen yana nan. Mota ba ta shiga layinmu, dole muka ajiye ta a bakin hanya muka taka. Su biyu suna sanye da baƙaƙen riguna da farar kwala a wuya, ni ina gaba kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Masu ɗinki a zauruka suka dakata da allura a hannu. Mata suna leƙowa ta saman katanga. Gumi ya jiƙa mini baya. Ina ta lissafin ta inda za mu bi idan wani ya jefo dutse.

Da muka zo daidai gidan liman, yana zaune a waje. Na so mu wuce da sauri. Shugaba ya tsaya, ya cire hularsa, ya yi sallama, ya ce ya zo ta'aziyyar maƙwabcinsu ne, ya san rashin na unguwa ne duka. Liman ya dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ya amsa, ya ce an gode, Allah ya ba da lada. Ya ƙara da cewa a shimfiɗa wa baƙi tabarma mai kyau.

A zauren Baffa muka zauna. Allurorinsa suna nan a soke a jikin matashi, da wata riga da bai gama aikin wuyanta ba. Goggo ta zo ta zauna a bayan asabari, ba a ganin ta sai ƙafafunta. Shugaba ya yi mata gaisuwa, ya tambayi yadda jinyar ta kasance. Bai ambaci sahu ba ko da kalma ɗaya. Har ya yunƙura zai tashi sai Goggo ta yi gyaran murya.

"Malam," ta ce, "na ji an ce gobe za ku yi wa yaron nan shari'a."

"Ba shari'a ba ce, Mama. Tambaya ce."

"To ko mece ce. Ni na tura shi. Yana zaune yana kuka na ce ya tashi ya fita. Idan da laifi, nawa ne, ku rubuta haka. Mai gidan nan ya yi shekara ashirin yana tsare muku shi, ba ku sani ba. Kada ku watsar da shi yanzu da babu mai tsaya masa."

Shugaba ya ce ya ji, kuma ya gode. Muka fito. Har muka kai mota bai ce mini uffan ba.

Washegari da safe aka fara da zaman fastoci. An jera bencina a cikin coci, an sa tebur a gaba, shugaba a tsakiya, sakatare a gefensa da babban littafi. Mu uku ne masu neman shiga aikin, aka zaunar da mu a baranda. Na farko ya shiga ya fito yana murmushi. Na biyu ma haka. Ina jin kiran sunana na miƙe, sai na ji kamar ƙasa tana tafiya.

Aka tsayar da ni a gaban tebur, fuskata tana kallon fastocin. Da yawansu ban taɓa ganin su ba, sunayensu kawai na sha bugawa. Sakatare ya karanta bayanin da da'ira ta aiko, cikin Turanci, a hankali. Shugaba ya tambaya ko akwai mai magana. Wani fasto matashi daga wata da'ira mai nisa ya miƙe. Ba da fushi ya yi magana ba, shi ya sa ma ta fi shiga ta. Ya ce a inda yake aiki akwai mutanen da danginsu suka guje su saboda sun ƙi irin wannan tsayuwar. Idan ya koma ya ce musu Sinod ta karɓi wanda ya tsaya, me zai ce musu game da wahalar da suka sha? Na ga kawuna suna gyaɗawa.

Shugaba ya juyo gare ni, ya koma Hausa.

"Jiya na je gidanku. Uwar da ta riƙe ka ta ce ita ta tura ka. Idan umarnin uwa ka bi a ranar baƙin ciki, ka faɗa wa taron nan, sakatare ya rubuta."

Na gane abin da yake yi mini. Kalma ɗaya ce kawai zan furta. Na dubi babban fastonmu, ya ɗan sunkuyar da kai alamar in amsa. Bakina ya bushe har harshena yana mannewa. Ina so in ce e, wallahi ina so. Amma na san a gaban mutanen nan zan yi alkawarin aiki idan sun karɓe ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce in fita in raka shi. Ba ta ce in shiga sahu ba. Ni na shiga."

Aka ɗan yi gunaguni a baya. Wani tsohon fasto ɗan Idoma, mai sanda, ya tambaya daga zaune, "Da ka ɗaga hannu, me ka faɗa?"

"Ban faɗi abin da suke faɗa ba, Baba. Ban ma iya ba."

"To me ka faɗa?"

"Na ce, ya Allah, ka san abin da ya yi mini. Shi nake ta maimaitawa har aka gama."

"Wane ne Ubangijinka yau?"

"Yesu Almasihu."

"Idan gobe tsohuwar ta rasu fa? Za ka sake tsayawa?"

Wannan ce tambayar da na fi tsoro, kuma ban shirya mata ba. Na tsaya har shirun ya yi tsawo. Na ce, "Zan ɗauki makararta, zan shiga kabarinta in gyara. Sahu kuwa na yi wa limamin unguwarmu alkawari ba zan sake ba, ina kuma yi muku. Amma ba zan ce muku zai zo mini da sauƙi ba."

Aka ce in fita. Na koma baranda na zauna. Matata tana can gindin bishiyar darbejiya tare da matan da suke dafa wa baƙi abinci, tana riƙe da ludayi ba ta juya komai. Ina jiyo tashin muryoyi daga ciki, ba na jin kalmomin. Na ji an yi shiru, na san ana ƙirga hannuwa. Aka sake yin magana, aka sake yin shiru. An kusa awa guda kafin sakatare ya leƙo.

Shugaba ya karanta mini a tsaye. Tikitin ajina yana nan, ba a taɓa shi ba. Sunana zai koma jadawalin wa'azi bayan wata shida. Batun zama fasto kuwa an ɗage shi sai Sinod ta gaba, a lokacin da'ira za ta kawo rahoto a kan zamana. Ya tambaye ni ko na karɓa. Na ce na karɓa. Da na fito ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan matakala. Baba kafinta, wanda ya zo a matsayin wakilin da'irarmu yana jiran zaman rana, ya zo ya zauna kusa da ni. Bai ce komai ba, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Shekarar ta wuce a hankali. A unguwa wasu sun daina amsa gaisuwata, wasu kuma kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya taɓa mu. Da Sinod ta sake zama, a wani garin, aka karanta rahoton da'ira, aka yi mini tambayoyin da ake yi wa kowa, aka ɗaga hannu. Bayan 'yan watanni takarda ta zo daga babban taron ƙasa cewa in shirya tafiya makaranta a Kudu.

Goggo ta ce ba za ta zauna ita kaɗai a gidan ba, za ta koma wurin ƙaninta a Ƙofar Gayan. Ranar wata Asabar na ɗauko amalanke, muka ɗora gadonta da tukwane da akwatin kwanoninta. Ni nake turawa, ita tana biye da ni da buta a hannu, tana yi mini faɗa in bi a hankali kada in fasa mata tulu. Da muka sauke kayan ta zauna a kan turmi tana haki. Ta tambaye ni ko a can inda za ni ana samun dawa. Na ce ban sani ba, an ce doya suka fi ci. Ta kira matar ƙaninta ta ce a auno mini kuka da daddawa, a ɗaure da kyau yadda ruwa ba zai shiga ba.